Yadda Aka Sauya Ƙarshen Fim Ɗin Sholay

Fim ɗin Sholay na Ramesh Sippy ya fito a Indiya a 1975, ya kuma samu karɓuwa a gidajen silima na ƙasar Hausa. Ƙarshensa yana da ayar tambaya. Gabbar Singh ya gagari hukuma, ya kashe iyalin Thakur, tsohon ɗan sanda, ya sare masa hannuwa. Jai, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, ya mutu wajen kamo Gabbar. Sai da Thakur ya danne shi da takalmi mai ƙusoshi, kwatsam 'yan sanda suka bayyana suka tafi da shi. Ina suke tun da fari?

A ƙarshen da aka fara ɗauka, Thakur ne ya kashe Gabbar. Hukumar tace fina-finai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa, dole aka sake ɗaukar ƙarshen.