Tarihin Dogayen Benaye na Birnin Niu Yok

A tsakiyar ƙarni na 19, baƙon da jirgin ruwa ya kawo Niu Yok, abin da yakan fara hanga shi ne hasumiyar Majami'ar Trinity, wadda aka gama a 1846, tsawonta wajen ƙafa 280. A 1890 gidan jaridar New York World ya ɗara ta. Majami'ar tana nan har yau, amma benaye sun kewaye ta, sun shanye ta. Akan jingina wannan sauyi ga gwanintar injiniyoyi da alfaharin attajirai, kuma lalle da gaskiya a ciki. Amma nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa siffar da benayen suka ɗauka, doka ce ta yanka musu ita.

Abu biyu suka daɗe suna hana gini yin sama. Na fari shi ne wahalar hawa, gama ba mai son hayar ɗakin da sai ya haura matakala shida kafin ya kai. A 1854 Elisha Otis ya nuna wa jama'a na'urarsa ta ɗaukar kaya sama, watau lif, mai birkin da ke riƙe ta ko da igiya ta tsinke. A 1857 aka sa irinta ta ɗaukar mutane a wani kanti na birnin.

Na biyu shi ne nauyin bango. Maginanmu na ƙasa sun san wannan, domin gwargwadon tsawon soro, gwargwadon kaurin gindinsa. Haka abin yake ga tubali da dutse, har kaurin bango yakan cinye ɗakunan ƙasa. Maganin wannan daga wani birnin Amurka ya fito, watau Shikago, inda William Le Baron Jenney ya gama ginin Home Insurance mai hawa 10 a 1885. Ya ɗora yawancin nauyin bisa ginshiƙan ƙarfe, bango ya koma kamar riga a jiki.

Manhatan, inda kasuwancin Niu Yok ya taru, tsibiri ne, fili kuwa ya yi tsada ƙwarai. Saboda haka da dabarun nan biyu suka haɗu, sai masu filaye suka shiga tsere. Ginin Singer ya kai ƙafa 612 a 1908, na Metropolitan Life ƙafa 700 a 1909, na Woolworth kuma ƙafa 792 a 1913.

A 1915 aka gama ginin Equitable mai hawa kusan 40. Bai kai Woolworth tsawo ba, amma ya cika filinsa, ya miƙe sak tun daga bakin titi har ƙoli. Inuwarsa ta rufe maƙwabta, ta hana su rana da iska. Dā ma ana ta kuka da irin wannan, sai ya zama hujja a hannun masu kukan. A 1916 hukumar birni ta kafa dokar tsarin gine-gine. Dokar ta ce in bango ya kai wani tsawo, gwargwadon fāɗin titin da ke gabansa, tilas ginin ya ja da baya kafin ya ƙara hawa. Amma bisa kashi ɗaya cikin huɗu na filin, mai gini yana da ikon ta da hasumiya iyakar ƙarfinsa.

Daga nan ne aka sami benayen nan masu kama da matakala, ƙasa da fāɗi, sama da tsini. Mafi shahara a cikinsu su ne Chrysler, ƙafa 1,046 a 1930, da Empire State, hawa 102, ƙafa 1,250 a 1931. Shi wannan an buɗe shi ne ana tsakiyar karayar ciniki, ofisoshinsa da yawa suka daɗe ba masu haya.

A 1961 aka sake dokar. Maimakon ja da baya hawa-hawa, sai aka ƙayyade jimlar fāɗin ɗakunan da za a gina gwargwadon girman fili, aka kuma ƙara wa wanda ya bar wa jama'a sarari a ƙofar gininsa. Nan da nan siffa ta sake, aka koma ga miƙaƙƙun akwatunan gilashi, irin ginin Seagram na 1958 wanda dokar ta yi koyi da shi. Tagwayen benayen Cibiyar Ciniki ta Duniya, masu hawa 110 kowanne, su ma miƙaƙƙu ne. An buɗe su a 1973, aka rushe su a harin 11 ga Satumba, 2001. A kusa da gurbinsu aka buɗe wani a 2014, tsawonsa ƙafa 1,776, don tunawa da shekarar 'yancin Amurka.

Har wa yau dokar ta yarda mai fili ya sayi rabon saman da maƙwabcinsa bai gina ba, ya ɗora bisa nasa. Da haka aka ta da sirāran benayen attajirai a kudancin lambun Central Park, kamar 432 Park Avenue na 2015, mai ƙafa 1,396. Kukan inuwa kuwa ya komo, wannan karo saboda lambun.

To, malamin da zai koyar da tarihin wannan birni ya kamata ya sa almajiransa su duba siffar bene kafin tsawonsa. Mai matakala, da akwatin gilashi, da siriri, kowannensu yana nuna yadda mutanen zamaninsa suka raba gardama tsakanin ribar mai fili da hakkin maƙwabci na samun rana da iska.