Tsohon Gurmi da Tarihin Banjo

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Ƙofar Sauri a birnin Katsina ya rubuto cewa ya gaji tsohon gurmi daga kakansa, fatar ta yage. Wani dillali ya ce ya gyara ya sayar masa, wai Turawa na nema domin shi ne kakan banjo. Yana tambaya, shin gaskiya ne?

AMSA: To Malam, da ƙamshin gaskiya a zancen, amma a bi sannu. Shi dai banjo abin kiɗa ne na Amurka, kuma bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma su suka ƙirƙiro shi a tsibiran Karibiyan. Wani likitan Ingila, Hans Sloane, ya gan shi a Jamaika wajen 1688, ya kuma buga hotonsa a littafi a 1707. A lokacin ƙwarya ce aka rufe da fata, aka sa mata sanda da tsirkiya. Ka ga kuwa ai siffar gurmi ke nan.

Daga shekarun 1840 wani mai suna William Boucher a birnin Baltimore ya shiga ƙera shi da katako don sayarwa. Wuyansa sumul yake kamar na gurmi. Sai wajen shekarun 1880 aka saba gitta masa ƙananan ƙarafa masu raba sauti. Masana da dama sun fi danganta shi da akontin na ƙabilar Jola ta Gambiya da Senegal. Saboda haka gurmi ɗan'uwa ne, amma kiransa kaka ya yi yawa.

Batun gyara kuwa, masu tara tsofaffin banjo sun fi daraja wanda bai rabu da kayansa na asali ba. Haka gurminka. A sauya fata da tsirkiya kawai, a adana tsofaffin, kada a kankare ƙwaryar ko a shafa mata fenti, garin neman gira a rasa ido.

Sannan dokar Nijeriya mai lamba 77 ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai da wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, kai shi gidan adana kayan tarihi na Katsina su duba shekarunsa.

Da fatan ka gamsu. Allah ya jiƙan kaka.