Tarihin Majigi: Daga Motar Hukuma Zuwa Na'ura Mai Ido Uku

Gabatarwa

Kalmar "majigi" tana cikin kalmomin aro da suka daɗe a bakin Hausawa har suka zama 'yan gida. Masana suna danganta asalinta da sunan wata tsohuwar fitilar Turawa mai haska hotuna a jikin bango, wadda suke kira fitilar sihiri. Bahaushe ya ɗauki ɓangaren sunan da ke nufin sihiri, ya lanƙwasa shi ya dace da harshensa. Tun daga lokacin, na'urar da ake kira da wannan suna ta sauya sau da dama, amma sunan yana nan. Wannan nazari zai bi sawun sauye-sauyen a ƙasar Hausa da kuma Tamale, babban birnin arewacin Gana, inda Hausa ta daɗe tana harshen zango da kasuwa. Za a fi tsayawa a kan majigi mai kwalba uku, domin shi ne na ƙarshe da mai gyara na unguwa yake iya buɗewa ya gane ciwonsa da idonsa.

Majigin Hukuma

Majigin da Hausawa suka fara sani na gwamnati ne. A ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya a Legas mai suna William Sellers ya fara amfani da fim wajen faɗakar da jama'a kan annobar da ɓeraye suke yaɗawa. Da Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka a 1939, shi aka ɗora a kansa. Daga nan motocin majigi suka riƙa ratsa garuruwa ɗauke da injin wuta da farin ƙyalle da tafinta. Akan kafa ƙyallen a ƙofar fada ko a dandali bayan sallar isha'i, a nuna fim a kan tsafta ko noma ko biyan haraji. Fim ɗin Baban Larai, wanda dattawa da yawa ba su manta da shi ba, yana cikin wannan rukuni.

Haka abin yake a ƙasar da ake kira Gana a yau. Motocin majigi sun fara yawo tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1948 aka buɗe makarantar koyon shirya fim a Akara. Tamale, wadda ta zama hedikwatar yankin Arewa a 1907, ita ce cibiyar hukuma a wannan sashe. A wannan zamani, mai kallo ba shi da ta cewa game da abin da za a nuna masa, kuma ba shi da hannu a na'urar. Idan ta lalace, ma'aikacin gwamnati ne yake gyarawa.

Silima da Talabijin

Bayan majigin hukuma sai gidajen silima na 'yan kasuwa. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, kuma yawancin gidajen farko na Kwarori ne. Masanin nan Brian Larkin ya nuna yadda Hausawa suka bambanta abubuwan biyu: majigi na kyauta ne, na faɗakarwa, kowa yana iya zuwa, ita kuwa silima ta kuɗi ce, ta nishaɗi, wadda malamai da iyaye suke yi wa kallon wurin shashanci.

Talabijin ta zo da wata fasaha dabam. An buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, ta Gana kuma a 1965. Zuciyar akwatin talabijin ita ce kwalbar hoto, wadda masu gyara suke kira CRT, kuma wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, ne ya ƙirƙiro ta a 1897. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka shafa wa fuskarta wani sinadari mai ƙyalli. Daga ƙeyarta ake harbo siririn tsirkiyar lantarki, tana share fuskar layi bayan layi, duk inda ta taɓa sai ya haska. Da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu a shekarun 1980, kuma wutar babban layin ƙasa ta isa Tamale a ƙarshen waɗannan shekaru, sai gidajen kallo suka bazu a unguwanni. Fim ɗin Zinabu na William Akuffo ya fito a Gana a 1987, Turmin Danya kuma a Kano a 1990. Daga baya finafinan Dagbanci suka bi sahu a Tamale.

Majigi Mai Ido Uku

Matsalar akwatin talabijin ita ce ƙanƙantar fuska. Domin magance ta aka ƙera majigin da ke ɗauke da ƙananan kwalabe uku masu tsananin haske: ja da kore da shuɗi. Kowace tana da nata gilashin da ke jefa hotonta a jikin allo, inda hotunan uku suke haɗuwa su zama ɗaya. Kamfanin Advent na Amurka ya fitar da irinsa domin gidaje a farkon shekarun 1970, sannan Sony da Barco da NEC suka shahara a kansa. Na'ura ce mai tsada da nauyi, wata ta haura kilo 50, don haka ba ta taɓa zama kayan kowa ba.

Kafa ta aiki ne na haƙuri. Gilasanta ba sa ƙara girman hoto ko rage shi, saboda haka girman allo ne yake yanke tazarar da za a ajiye ta. Dole ta zauna daidai, tana fuskantar tsakiyar allo. Sai a kunna ta a bar ta ta ɗauki zafi na kimanin minti 30, domin hoton yakan ɗan gusa kafin ta daidaita. Daga nan a fito da zanen raga da ke cikinta, a fara saita kore shi kaɗai har layukansa su miƙe, sannan a ɗora ja a kansa, a ƙarshe shuɗi. Idan an dace, layukan ragar za su fito fari tas. Idan an kuskure, kowace fuska a fim sai ta fito da baki-baki na ja ko shuɗi. Haskenta ba shi da ƙarfi, don haka sai a ɗaki mai duhu, amma masu sha'awarta suna yabonta da cewa baƙinta baƙi ne na gaske.

Cututtukanta a Ƙasar Zafi

An ƙera waɗannan na'urori ne domin ƙasashen sanyi masu tsayayyiyar wuta. A unguwa irin Gumani, inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, kuma zafin watan Maris yake kaiwa maki 40, cututtukansu sanannu ne. Ƙura tana toshe fanka, na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. Ruwan da ke sanyaya fuskar kwalba yakan gurɓace, hoto ya yi hazo. Hoton da ya daɗe tsaye wuri ɗaya yakan ƙone sinadarin ƙyalli, ya bar tabon da ba ya gogewa. Hawa da saukar wuta suna lalata ƙananan kayan ciki. Kayan gwanjo daga Amurka kuma suna da nasu tarkon: an yi su ne domin wuta mai ƙarfin bolt 120 da tsarin launi na NTSC, alhali Gana da Nijeriya suna kan bolt 230 da tsarin PAL. Wanda ya jona ba tare da taransifoma ba ya yi asara, wanda kuma ya haɗa tsarin da bai dace ba yakan ga hoto babu launi. Ga haɗari kuma, domin kwalbar tana aiki da kimanin bolt dubu 30, tana kuma riƙe wuta ko bayan an kashe ta. Duk da haka, yawancin waɗannan cututtuka mai gyaran talabijin yana iya magance su da mita da dalma da basira.

Kammalawa

Daga shekarun 1990 ƙananan majigai na LCD da DLP suka fara ture mai ido uku, domin ba su da nauyi, sun fi haske, kuma ba sa buƙatar haɗa launuka. Sai dai idan sun lalace, galibi sai a sauya ɓangare sukutum ko a yar. Tsofaffin kwalabe kuwa, waɗanda gilashinsu yake ɗauke da dalma mai guba, da yawansu sun ƙare a juji irin na Agbogbloshie a Akara. Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, finafinan bidiyo na farko na Hausa da na Dagbanci a kan kaset aka ɗauke su, kuma na'urorin da za su karanta kaset ɗin da mutanen da suka san gyaransu suna ƙarewa tare. Wanda yake son nazarin wannan adabi, ko tattara kalmomin wannan sana'a, ya kamata ya nemi waɗannan masu gyara tun suna raye, domin Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.