Darar Iska: Fim ɗin da aka binne a Tehran, aka tono shi a shagon gwanjo

A shekarar 1976, a bikin baje kolin fina-finai na duniya da ake yi a birnin Tehran, an haska wani sabon fim mai suna Shatranje Bad, wato Darar Iska. Wanda ya ba da umarninsa, Muhammad Reza Aslani, mawaƙi ne ɗan garin Rasht, haifaffen 1943, kuma wannan ne dogon fim ɗinsa na farko. Ranar ba ta zo masa da daɗi ba. An hargitsa jerin faya-fayen, na gaba ya koma baya, hasken majigin kuma ya yi rauni har duhu ya cinye hotunan. Masu sharhi suka riƙa tashi suna ficewa. Da aka sake haskawa, kujeru ne suka fi 'yan kallo yawa. Aslani da iyalinsa sun daɗe suna cewa da gangan aka yi masa wannan ƙafar ungulu. Ko da gangan ne ko ganganci, fim ɗin bai sake ɗaga kai ba.

Labarin ya faru ne a wani katafaren gida a Tehran, wajen shekarun 1920, lokacin da mulkin gidan sarautar Kajar ke gargarar mutuwa. Uwargida mai dukiya ta rasu, ta bar 'ya ɗaya tilo wadda ba ta iya tafiya sai a keken guragu. Mijin uwar, wanda ake kira Haji Amu, yana kallonta a matsayin agola, alhali gidan da dukiyar duk na uwarta ne. Ga kuma 'ya'yan ɗan'uwansa su biyu, kowa da nasa lissafin. Ga yarinyar gida mai aiki, wadda kowa ya ɗauka ba ta san komai ba. Kowa na tura ɗan wasansa yana jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure, har aka kai ga zubar da jini, dara ta ci gida.

Abin da ya fi kama ni a fim ɗin shi ne matan da ke wanki a bakin ruwa a tsakar gidan. Lokaci zuwa lokaci sai kyamara ta bar masu gida ta koma kansu, suna cuɗa tufafi suna tattauna asirin iyayen gidansu: wa ya ci amanar wa, wa ke jiran mutuwar wa. Ta bakinsu ne ɗan kallo ke jin hukuncin talaka a kan masu kuɗi. Cikin gidan kuwa hasken kyandir da fitilu ne, wanda mai ɗaukar hoto Hushang Baharlu ya tsara shi da gangan, kuma wannan ne ya sa raunin majigin a ranar farko ya zama kisa a gare shi. Kiɗan fim ɗin mace ce ta tsara shi, Sheida Garachedagi, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Yarinyar gidan kuma Shohreh Agdashlu ce ta fito a matsayinta, karonta na farko a sinima. Ita ce daga baya, tana Amurka, aka saka cikin masu takarar kyautar Oscar saboda wani fim na 2003.

Juyin juya halin 1979 ya rufe ƙofar da ta rage. Sabuwar hukuma ta haramta fim ɗin, domin matan cikinsa ba su da lulluɓi, kuma akwai fitowar da ta saɓa wa ƙa'idojinta. Ainihin faifan ya ɓace. Abin da ya saura shi ne wasu kaset-kaset na bidiyo masu dishi-dishi da ake miƙawa hannu da hannu tsakanin masu son sinima. Ta wannan hanya fim ɗin ya samu 'yan tsirarun masoya masu riƙe da shi kamar abin gado, suna ba da labarinsa ga waɗanda ba su taɓa gani ba. Aslani ya koma yin fina-finan tarihi da shirye-shiryen talabijin, bai sake fitar da dogon fim na sinima ba sai 2008.

'Ya'yansa ne suka ƙi yarda a bar maganar. 'Yarsa Gita, mai binciken ilimi a Faransa, ta yi ta neman faifan a ma'ajiyoyi ba ta dace ba. A 2014 ɗansa Amin ya shiga wani shagon kayan gwanjo a Tehran, ya tarar da gwangwanayen fim a ajiye, ya duba, sai ga aikin mahaifinsa, ainihin faifan da aka ɗauka da kyamara. Aka fitar da shi zuwa Paris. Gidauniyar adana fina-finai ta Martin Scorsese, wadda ta buɗe sashen fina-finan duniya a 2007, tare da ma'ajiyar fina-finai ta Bolonya a Italiya, suka gyara shi, kuɗin aikin kuma ya fito daga gidauniyar iyalin George Lucas. A 2020 aka haska shi a Bolonya da Landan, masu sharhi suka yi ta yabo, shekara 44 bayan takwarorinsu na Tehran sun fice sun bar shi. Aslani yana raye ya ga wannan rana.

Ba wannan fim kaɗai ne ya sha da ƙyar ba. Fim ɗin Carl Dreyer na 1928 a kan Joan ta Arc, wanda gobara ta cinye ainihin faifansa, an samo cikakken kwafinsa a 1981 a wani ɗakin ajiya na asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo. Sassan Metropolis na Fritz Lang da aka yanke tun 1927 sun ɓullo a wani gidan tarihi a Ajantina a 2008. Wake in Fright, fim ɗin Ostireliya na 1971, an tsinto faifansa a Pittsburgh ta Amurka cikin kayan da aka ware domin a lalata. Waɗannan su ne masu rabo. Wani bincike da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da babu sauti sun tafi ke nan. Faifan fim abu ne mai rauni: na da can wuta yake kamawa, wanda ya biyo bayansa kuma zafi da danshi ke ruɓar da shi, ya riƙa wari mai tsami, ya kanannaɗe.

Mu ma muna da namu, kuma shekararsu ɗaya da Darar Iska. A 1976 Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar da harshen Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Ya wuce awa biyu, ya bi labarin bauta da fataucin bayi ta hamada. Shekaru da dama ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, a binciken da Didi Cheeka da abokan aikinsa na Legas suka tayar. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Littafin kusan duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san shi, amma fim ɗin sai da Jamusawa suka zauna suka kalla kafin yawancin Hausawan wannan zamani su ji ma cewa akwai shi. Wannan abu yana yi mini ciwo.

A ganina, fim ɗin da ba a sani ba sau da yawa ba 'yan kallo ne suka yanke masa hukunci ba. Majigi ne ya lalace a ranar farko, ko hukuma ta canza, ko rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo. Fina-finan Kano na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, suna kan wannan siraɗi yanzu, domin kaset ma yana da wa'adi. Duk wanda ke da tsofaffin kaset ko gwangwanayen fim a ɗakin mahaifinsa, kada ya miƙa su ga 'yan gwangwan. Ya raba su da zafi da danshi, ya nemi wanda zai juye su a kwamfuta tun hotunan suna fitowa.