Daga bante zuwa wandon ciki

Yau hirarmu ta shafi tufafin da ake sawa ƙarƙashin tufafi. Kada ku ji kunya. Abin da ake saye a kasuwa dole ya sami suna, kuma mai suna ana iya rubuta shi.

Kakanninmu suna da nasu. Namiji na ɗaura bante, wani ƙyalle da ke rufe gaba da baya. Makeri da mafarauci na ɗaura walki na fata. Mace kuwa tana ɗaura fatari ko mukuru kafin ta ɗora zane bisa.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Daga nan kayan kanti suka yawaita, ɗinkakku daga ƙasashen Turai. Wasu sun zo da sunansu. Singileti kalmar Ingilishi ce, ta hanyar Kano da Katsina ta shigo Maradi. Silip kuwa Faransanci ne.

Amma ku lura da abin da Bahaushe ya yi da sauran. Bai jira baƙo ya raɗa musu suna ba. Ya ɗauki tsohuwar kalma ya ƙara mata wata. Yana da riga tun da daɗewa. Da abin tallafe ƙirjin mata ya zo, sai ya ce rigar nono. Masu kara suka ce rigar mama. Yana da wando, sai ya ce wandon ciki, ko gajeren wando.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ku tuna ƴar ciki, wadda dattijo ke sawa ƙarƙashin babbar riga. Riga ce, amma ƙarama, shi ya sa aka ce ƴar. A ganina wannan suna ya fi na aro daɗi, don ko yaro ya ji shi ya san inda ake sa ta.

Wani lokaci ma kalmar ce ke sake gida ɗungum. Buje wando ne mai faɗi na maza, irin na mahaya doki. Ga shi mata sun karɓe sunan, suna kiran siket da shi.

Yanzu ku ɗauki alli. Ku rubuta ƴar ciki. Ku duba ƙugiyar da ke bisa harafin farko, kada ku manta da ita.