Daga Marisuwa Zuwa Korona: Su Wa Annoba Ke Ɗauka?

A wannan fitowa ina so mu waiwayi annoba biyu na ciwon numfashi da suka afka wa ƙasar Kano, tsakaninsu shekara ɗari da biyu, don mu ga dalilin da ya sa cuta ɗaya take kwantar da mutum goma, tara su tashi, ɗaya ya tafi.

Ta farko ita ce murar nan ta 1918, wadda kakanninmu suke kira marisuwa. Ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Ikko a watan Satumba na shekarar, sa'an nan ta biyo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano tun 1911, ta sauka a Arewa cikin watan Oktoba, a zamanin Sarkin Kano Abbas. Lokacin kaka ne, fatake da masu jakuna suna ta kai gyaɗa birni suna komowa. Ga shi kuma ƙauyukanmu na wajen Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta a cushe suke, gona na jikin gona, gida na hangen gida, kasuwa kuwa yau ta ci nan gobe ta ci can. Saboda haka ba a yi wata-wata ba cutar ta game karkara. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen mutum 500,000 ne suka rasu a Nijeriya, a duniya kuwa kimanin miliyan 50.

Abin mamaki game da marisuwa shi ne irin waɗanda ta ɗauka. Mura ta saba kayar da jarirai da tsofaffi, amma wannan sai ta fi ɓarna a kan majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, da kuma mata masu juna biyu. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa yawancinsu ba murar ce kaɗai ta kashe su ba. Ita tana raunana huhu ne, sai wasu ƙwayoyin cuta su sami ƙofa su shiga su haddasa limoniya. Maganin limoniya kuwa babu shi a lokacin, domin sai a 1928 aka gano penisilin, bai kuma wadata ba sai a shekarun 1940. Bugu da ƙari, shekara huɗu kacal ke nan da yunwar 1914, mutane ba su gama farfaɗowa ba. Idan kuma gida ya kwanta gaba ɗaya, babu mai ɗebo ruwa, babu mai dama kunu, sai rashin jinya ya ƙarasa abin da cuta ta fara.

Ta biyu dukanmu shaida ne. A ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin watan ya ƙare, masu haƙar kabari sun fara kokawa da yawan gawawwaki, har Shugaba Buhari ya ba da umarnin rufe jihar ranar 27 ga wata. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadinsu. Akasarinsu sun haura shekara 65, da yawa suna fama da hawan jini ko ciwon suga, fiye da rabi kuma a gida suka cika. A 'yan makonnin nan asibitoci da dama sun rage karɓar marasa lafiya saboda tsoro da rashin kayan kariya, masu tsohon ciwo suka rasa inda za su kai kansu.

To, marisuwa ta ɗauki matasa, korona ta ɗauki dattawa, amma a ganina darasinsu ɗaya ne. Cutar numfashi tana kisa ne idan ta tarar da jiki a raunane, sa'an nan taimako ya makara. Raunin nan yana da fuskoki da yawa a ƙauyukanmu: tsufa, hawan jini da suga waɗanda ba a taɓa aunawa ba, tarin fuka da aka yanke shan maganinsa, shan taba, hayaƙin kara da itace da iyayenmu mata ke shaƙa a ɗakin girki, ƙurar hunturu, da yaron da tamowa ko ƙyanda ta riga ta ci ƙarfinsa. Makara kuwa ita ce a ce “mura ce, za ta wuce,” a yi ta jiƙe-jiƙe har numfashi ya fara sarƙewa, alhali asibitin da ke da iskar oksijin yana da nisa.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu furfura ta kama mu, wato mun shiga sahun da korona ta fi yi wa ɓarna. Mun yi imani rai da ajali na Allah ne, amma an umarce mu da neman magani. Shawarata ita ce kowa ya riƙa auna jininsa da sugansa, a kai yara rigakafi, duk wanda aka ga yana numfashi da sauri ko da ƙyar a garzaya da shi asibiti a ranar. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu, idan an zo kasafin gudummawar bana, a tuna da ƙananan asibitocin garuruwanmu, ko da na'urar auna hawan jini ce da ta auna iskar jini.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya kare mu daga annoba, amin.