Daga Rumbu Zuwa Dam: Tarihin Fari da Ambaliya a Yankin Madobi da Kura

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu ya san abin da ake gani daga Kura zuwa Kadawa. Ko'ina ƙasa ta bushe, hazo ya rufe sama, amma nan sai ka ga kore shar iya ganinka: alkama, tumatir, albasa, masara. Yaron da aka haifa a Madobi ko Bunkure a yau zai ɗauka haka Allah ya yi wurin tun fil azal. Alhali kuwa wannan koren bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, kuma tsoron yunwa ne ya haife shi.

Kakanninmu suna da nasu shirin na tarbar fari. Mai gida yakan ware damman gero da dawa a rumbu, ba a taɓa su sai damina ta tsaya, lokacin da aiki ya yi yawa abinci ya yi ƙaranci. Samari su tafi cin rani don a rage bakin ci a gida. Mai kusa da fadama ya kafa jigo ya yi ɗan lambu. Ga zakka, ga taimakon dangi, ga hatsin da masu sarauta da attajirai kan fitar idan abu ya ƙazanta. Amfanin wannan tsari shi ne ba a wuri ɗaya aka tara shi ba. Idan rumbun wani ya ƙare, na maƙwabcinsa yana nan.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, Turawa kuma suna karɓar haraji da kuɗi. Manoma da yawa suka ba gyaɗa fili. Da ruwa ya ɗauke a daminar 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, ta tarar da rumbuna ba ƙarfi, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Kano da arewa da ita. Masanin nan Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna cewa ƙarancin ruwa kaɗai ba ya zama yunwa sai ya haɗu da haraji da kasuwa da raunin tanadi. Fari daga Allah ne, amma girman ɓarnarsa akwai hannun mutum a ciki.

Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Bako, ya ɗauki wata hanya dabam: maimakon a adana hatsi kawai, a adana ruwan kansa. Aka gina madatsar Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka shiga babban aikin tare Kogin Kano a Tiga. Ana cikin aikin ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa Sahel, daga Muritaniya har Habasha, dabbobi suka yi ta mutuwa, mutanen Nijar suka kwararo kudu. Da aka kammala Tiga a 1974, babu mai tambayar amfaninsa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Tsarin abin sha'awa ne. Ba inji ke turo ruwan ba, gangara ce ke kawo shi daga Tiga ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har bakin gona a Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko ya shayar da hekta dubu 22. Kura ta zama garin shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da manyan motoci ke ɗauka zuwa Legas, mutanen Madobi da sauran maƙwabta suka sami gonakin haya da ƙwadago da ciniki a lokacin da a da ake zaman jiran damina.

Amma maganin ya zo da nasa ciwon. A watan Agusta na 1988 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle. Ruwan da aka tara don maganin fari ya bi ta kan gonaki da gidajen ƙasa, aka yi asarar rayuka da dukiya. Bayan wannan ne aka sake duba lafiyar Tiga, aka rage tsayin mafitar ruwansa don kada ya riƙe fiye da ƙarfinsa. A 1992 aka kammala wata madatsar a kan Kogin Calawa, a yankin Ƙaraye. Sai ga shi a ƙarshen Agustan 2001 duka biyun sun cika sun tumbatsa, ruwa ya mamaye ƙauyuka a Kura da Warawa da Wudil, ya gangara Jigawa, dubban mutane suka kwana a makarantun firamare.

Akwai kuma masifar da ba ta zuwa da ƙara. Ruwan da ba ya yankewa rani da damina ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai a nan, da hanyoyin ruwa a can fadamar Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya suka ga ambaliyar shekara-shekara da suka dogara da ita ta canza hali. Ruwan kwance ya ƙara sauro da tsargiya. A 2016 kuma ƙwaron tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ya cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya tsallako Afirka. Da ya iso ya tarar da fili guda shimfiɗe da shuka iri ɗaya. Kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar dole ya dakatar da aiki don babu abin niƙawa.

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, abin da muka fi tsoro shi ne tsarin da komai nasa ya rataya a wuri ɗaya, domin ranar da wurin ya sami matsala, komai ya tsaya. Abin da ya faru da mu ke nan. Rumbuna dubu sun koma dam ɗaya, kuma makullinsa ba a hannun manomi yake ba. Ba cewa nake a koma zamanin jigo ba. Wanda ya ga abin da Tiga ya ciyar ba zai faɗi haka ba. Abin da nake cewa shi ne shirin da ya dace da wannan zamanin ya sha bamban da na kakanninmu, kuma ba mu gama koyonsa ba.

Kayan aikin suna nan. An kafa hukumar agajin gaggawa ta NEMA a 1999. NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa ya gyara magudanai, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda a gaskiya gayya ce ta sake riga. Inda giɓin yake shi ne tsakanin Abuja da bakin kogi. Hasashen da ya tsaya a takardar Turanci bai ceci kowa ba. Sai ya zama magana da Hausa a rediyo, a bakin mai unguwa, a lasifikar masallaci, a saƙon WhatsApp: ruwa na zuwa, ga lokacin, ga tudun da za a hau, ga wanda zai ɗauko tsofaffi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Manomin da ya raba gonarsa tsakanin tumatir da albasa da alkama, ya ajiye buhunan da ba ya taɓawa ko farashi ya yi daɗi, ya fita yasar magudana ranar da ƙungiya ta kira, ya ƙi gina ɗaki a hanyar ruwa, shi ne magajin mai rumbu na gaskiya. Kafin watan Agusta mai zuwa, tambaya ɗaya ce ya kamata kowane gari daga Madobi zuwa Bunkure ya iya amsawa: idan Tiga ko Calawa ya cika cikin dare, wa zai fara ji, kuma wa zai tashi sauran?